Kwikwiyon da yara suka tsinto: yadda za mu riƙe kare da mussa ba tare da cutar da garke ba



A wannan shafi mun saba maganar shanu da tumaki da awaki da raƙuma. Yau zan yi maganar dabbobi biyu da ba a kai su kasuwa, ba a kuma lissafa su idan ana ƙidayar dukiya, amma suna kwana tare da bisashenmu, suna wasa da ƴaƴanmu: kare da mussa, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. A aikina na lafiyar dabbobi tambaya guda tana yawan dawo mini a bakin rijiya da wurin allura: "Yara sun tsinto kwikwiyo a bayan gari, in bar shi ko in kore shi?" Amsata ita ce kana iya barin shi, kuma sau da yawa barin ya fi korar alheri. Amma daga ranar da ka bar shi ya zama ɗaya daga cikin garkenka. Abin da kake yi wa sabuwar tunkiyar da ka sayo a kasuwa, shi za ka yi masa: ka ware shi, ka yi masa allura, ka ba shi maganin tsutsa, ka ciyar da shi.

Me ya sa riƙewa ta fi kora?

Kare marar ubangida ba ya ɓacewa don an kore shi daga ƙofar gida. Juji yake komawa, da mayanka, da inda aka yar da mushe. Can yake cin hanta mai ciwo da mahaifar akuyar da ta yi ɓari, can yake faɗa da wasu karnuka da dila, sannan da dare ya dawo ya sha ruwa a komin da bisashenmu ke sha. Ba mai yi masa allura, ba mai lura da ranar da halinsa ya canza. Karen da ke da gida kuwa, an san abin da ya ci, an san inda ya kwana, kuma idan ya yi cizo an san wanda za a tambaya.

Amfaninsa ba sai na faɗa wa makiyayi ba. Shi ne ke jin motsin dila ko ɓarawo kafin mai garke ya farka. Buzayen Azawak sun daɗe da sanin haka, har karensu mai dogayen ƙafafu ya yi suna a duniya, ana kiran shi da sunan yankin kamar yadda ake kiran saniyar Azawak. Malamanmu kuma sun sha bayyana cewa an yarda a riƙe kare don kiwo da tsaron gona da farauta, kuma ciyar da dabbar da ke hannunka haƙƙi ne a wuyanka. Mussa ita ma ma'aikaciya ce: gidan da take, kusu ba ya sakewa a kusa da rumbu da buhunan wake.

Wanda za a ɗauka da wanda ba za a taɓa ba

Ba kowane kare da aka gani shi kaɗai ne abin ɗauka ba. Kada ka taɓa, kada ka bar yaro ya taɓa dabbar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan: raunin cizo a jiki wanda ba a san abin da ya yi shi ba, yawu yana dalala ko baki a buɗe haɓa ta saki, tangaɗi ko jan ƙafafun baya, cizon itace da ƙasa da duwatsu, haushi da muryar da ta shaƙe. Mutane da yawa sun ɗauka mahaukacin kare sai mai bin mutane da cizo. Akwai wani nau'in haukan da ke sa kare ya yi laushi, ya lafe, ya riƙa lasar hannun duk wanda ya matso. Haka nan dilar da ta shigo gari da rana tsaka ba ta tsoron mutane, a ɗauke ta a matsayin mai ciwo.

Wanda ya fi dacewa a ɗauka shi ne kwikwiyon da aka san uwarsa, ko da ta mutu ko mai ita ya kasa riƙe ƴaƴan. Idan uwar tana raye, a bar shi ya sha nono har mako 7 zuwa 8. A wannan lokaci ne, har zuwa wata huɗu, kwikwiyo ke sabawa da abin da zai zauna da shi duk rayuwarsa. In kana son karen garke, to cikin garke zai tashi, yana kwana kusa da turken tumaki, yana jin warinsu, yana ganin ƴan raguna. Wanda ya girma a juji ya saba kama kaji da ƴan awaki, da wuya ya daina.

Kwana goma na farko

Sabon kare ko mussa, a ɗaure shi ko a killace shi a inuwa, nesa da yara da bisashe, kwana 10. Wasu ma'aikatan kiwo sukan ce 15, kuma ƙarin ba laifi ba ne. Babban mutum guda ya riƙa kai masa abinci da ruwa, yana wanke hannu da sabulu bayan haka. Dalilin adadin shi ne dabbar da ƙwayar hauka ta riga ta isa yawunta ba ta wuce waɗannan kwanaki ba tare da ciwon ya fito fili ba.

Sai dai a nan akwai wurin da ake yawan ruɗewa. Kwana goman suna nuna cewa a ranar da ka ɗauke shi yawunsa bai da haɗari. Ba sa nuna cewa jikinsa babu ƙwayar. Karen da aka ciza a daji kan yi makonni, wani lokaci har wata shida, lafiya lau a ido, kafin ciwon ya tashi. Allurar riga-kafi kuma ba a dogara da ita ga wanda ƙwayar ta riga ta shiga. Saboda haka karen da ba a san asalinsa ba, a ci gaba da sa masa ido har wata shida, kuma duk ranar da halinsa ya juya, a ɗaure shi a kira ma'aikacin kiwo.

Haukan kare: ciwon da ba ya jin magani idan ya fito

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 da ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. A wurinmu yaran nan su ne masu kai awaki kiwo, su ne kuma masu tsinto kwikwiyo. Da zarar alamun ciwon sun bayyana ga mutum, babu likita ko boka da ke da maganinsa. Kafin su bayyana kuwa, ana iya tare shi gaba ɗaya. Tun 1885 aka san haka, shekarar da Luwi Fasto na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Fasto, 28 ga Satumba, ita ce aka mayar ranar yaƙi da haukan kare a duniya, kuma hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a daina mutuwa daga cizon kare.

Ana yi wa kwikwiyo da ɗan mussa allurar farko da wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Idan ana kamfen na gari gaba ɗaya, a kawo har ƙanana. A nemi takardar allura a adana ta tare da ta shanu, domin ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, takardar nan ce za ta raba gardama.

Abin da ya kamata ƙungiya ta riƙe shi ne lissafin 7 cikin 10. Idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na yanki allura, ciwon ba ya samun hanyar bi daga kare zuwa kare, sai ya mutu da kansa. Maƙwabtanmu na Chadi sun gwada a Njamena a 2012 da 2013: sun yi wa fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin allura, haukan ya ja baya ƙwarai har aka daɗe ba a ga sabon kamu ba. Daga baya ya sake shigowa ta karnukan da aka kawo daga wajen birnin. Wannan darasi ne gare mu masu tafiya da garke arewa da damina, mu gangara kudu da rani: karen da ke bin burtali ya fi kowa buƙatar allura, kuma gari ɗaya ba zai tsira shi kaɗai ba.

Zuba guba don a rage karnuka ba ya kawo wannan sakamako. Guba tana kashe karen da aka riga aka yi wa allura tare da wanda ba a yi wa ba, tana kashe ungulu masu share mana mushe, kuma cikin ƴan watanni sababbin karnuka marasa allura su cike gurbin.

In an yi cizo ko yakushi

A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, ana zubawa ana wankewa har minti 15 cur. A duba agogon salula, domin minti 15 sun fi yadda mutum ke zato tsawo. Kada a sa barkono ko toka ko gashin karen, kada a ɗaure raunin tamau. A kai mutum gidan likita a ranar, a faɗa musu cizon dabba ne. Idan CSI na kusa ba ta da allurar, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti, kada a koma gida a jira. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kuma dole a cika su. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa, don ƙwayar tana bin jijiya ne zuwa ƙwaƙwalwa.

Karen da ya yi cizon, idan ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana kallo, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara wa mutum allura. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe shi, kada a fasa kan. A sanar da ma'aikatar kiwo ta komin ko ta Dogon Dutsi, su ne suka san yadda ake aika samfuri zuwa LABOCEL a Yamai.

Bisashe ma suna kamuwa. Saniya mai haukan kare takan yi ta kuka da shaƙaƙƙiyar murya, yawu yana zuba, ta kasa haɗiya kamar wadda wani abu ya maƙale wa a wuya. Nan ne makiyayi mai tausayi ke zura hannu cikin bakinta don ya ciro abin. Kada ka yi haka. Jaki ko raƙumin da ya juya yana cizon kansa ko turkensa, shi ma a nisance shi.

Tunkiya mai kewaye da ƙullutun ruwa a hanta

Duk wanda ya daɗe da tumaki ya taɓa ganin wadda ke karkata kai tana kewaya wuri ɗaya, ta ware daga garke, ta rame, daga baya ta faɗi. Sau da yawa idan aka buɗe kan, sai a tarar da ƙullutu mai ruwa cikin ƙwaƙwalwa. Mahauta kuma sun san ƙullutun ruwa a hanta da huhun tumaki da shanu da raƙuma. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne duka biyun ta cikin kare suke bi.

Ga yadda abin ke zagayawa. An yanka tunkiya mai kewaye, an jefa wa kare kan. Ko mahauci ya yanke ɓangaren hanta mai ƙullutu ya wurga gefe. Kare ya ci ɗanye. Cikin kamar mako 6 abin ya zama tsila a hanjinsa, tana zuba ƙwai da ido ba ya gani cikin kashinsa. Kashin ya bushe, iska da ƙafa su watsa shi a ciyawa da bakin tafki. Tunkiya ta ci, ƙullutu ya fito mata. Karen kansa ba ya nuna ciwo, shi ya sa ba a zarginsa. Mutum ma yana kamuwa da irin na hanta, musamman yaron da ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, kuma shekaru kan wuce kafin ƙullutun ya girma ya kai ga sai an yi aiki.

Ana yanke wannan zagaye a wuri biyu. Na farko, kada kare ya ci ɗanyen kai ko kayan ciki. Mai ƙullutu a ƙone shi ko a binne da zurfi a danne da duwatsu da ƙaya. Mai kyau da ake son ba kare, a tafasa shi rabin awa. Ranar Babbar Salla, da kowane gida ke da kayan ciki, ita ce ranar da ta fi kowace buƙatar kula. Na biyu, a ba kare maganin tsila mai suna Praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinsa, aƙalla duk wata 3; inda tumaki masu kewaye suka yi yawa, duk mako 6. Bayan an ba shi a ɗaure shi kwana 2, a kwashe kashin da shebur a binne, don ƙwan da ke fita a lokacin yana nan da rai. Ƙananan kwikwiyo kuma suna da tsutsar ciki irin tasu da suke samu daga uwa, wadda ke kumbura musu ciki. Maganinta daban ne, a tambayi likitan dabbobi.

Haka nan mahaifa da ɗan da aka yi ɓarinsa, kada a bar wa kare. Yakan ja su zuwa wani garke ko cikin gida, ya kai cutar ɓari inda ba ta. A ɗauke su da leda a hannu a binne. Waɗanda suka tuna zazzaɓin Rift da ya ɓulla a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a 2016 sun san abin da taɓa ɓarin dabba da hannu kan jawo. Mushen da ya mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada kare ya kusance shi.

Mussa: rumbu nata ne, ma'ajiyar dusa ba tata ba ce

Mussa tana da tata cutar da take kai wa garke. Idan ta ci kusu ko ɗanyen nama mai wata ƙwaya da likitoci ke kira tokzofilasma, takan yi mako ɗaya ko biyu tana zubar da ita a kashi, musamman ƴar ƙarama da ta fara farauta. In kashin ya shiga dusa ko harawa ko kowar wake, tunkiya ko akuya mai ciki ta ci, sai ɓari ko ta haifi ɗa marar ƙarfi. Mace mai juna biyu ma cutar tana iya taɓa abin da ke cikinta, don haka kada ita ce mai kwashe kashin mussa.

Maganin abin mai sauƙi ne. A rufe buhunan dusa, a ɗaga su bisa katako, a sa ƙofa a ɗakin ajiyar abincin dabbobi na ƙungiya. Babbar mussa guda da ta zauna gida shekara da shekaru ta fi tarin ƙanana da ake sakewa kullum aminci. A tuna kuma ita mai cin nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Ɗan kifi busasshe ko dafaffen nama da nono kaɗan sun isa su zaunar da ita kusa da rumbu. Gidan da ke da mussa a daina zuba gubar kusu a fili, don kusun da ya ci guba shi ne ya fi sauƙin kamawa.

Ɗan mussa ko kwikwiyon da aka tsinta ido bai buɗe ba, madarar akuya da aka tafasa ta huce ita ce abin da ke kusa da hannunmu. A ba shi kaɗan-kaɗan duk awa 2 zuwa 3 da sirinji marar allura, yana kwance a kan cikinsa, ba rigingine ba, don kada ta shiga huhu. Bayan kowane sha a shafa ƙasan wutsiyarsa da tsumma mai ɗumi, kamar yadda uwa ke lasa, in ba haka ba ba zai yi fitsari ba. Da hunturu sanyi ya fi yunwa saurin kashe su.

Magungunan da ke kashewa

Maganin saniya ba maganin kare ba ne. Na sha tarar da kwikwiyo yana makyarkyata bayan an wanke shi da ruwan maganin kaska da aka haɗa don shanu. Paracetamol, ko ƙwaya guda, tana iya kashe mussa. Maganin ƙwari mai Permethrin, wanda kare kan jure, guba ne gare ta. Ibuprofen yana lalata ciki da ƙodar kare. Ivermectin na shanu yana da ƙarfi, ɗan kuskuren awo ya isa ya makantar da ƙaramin kare ko ya kashe shi. Baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa ƙazwa yana ƙona fata, kuma dabbar tana lashe shi. Kaska ƴan kaɗan a cire su da hannu, a kama kusa da fata a ja a hankali, a jefa cikin wuta. In sun yi yawa, ko akwai ƙuma da ƙazwa, a je wurin likitan SVPP ko mataimakinsa na gari.

Abincin kare ba wuya: tuwo ko ƙanzo da tsala, dafaffen kayan ciki, da ruwa a kasko nasa na kansa wanda ba a haɗa shi da kwanukan gida. Da bazara a tabbata yana da inuwa, don kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake rage zafi. Karen da ya ƙoshi ba ya zuwa juji, kuma ba ya kallon ƴan awaki da wata manufa.

Sai maganar haihuwa, wadda ita ce tushen karnukan bayan gari. Cikin karya wata biyu ne da ƴan kwanaki, kuma takan haifi da yawa. Idan ba ka da masu karɓar ƴaƴan, ka killace ta makonni 3 na lokacin da karnuka ke bin ta. Fiɗiyar namiji aikin likita ne. Roba da matsen da ake yi wa rago da bijimi ba a yi wa kare da su.

Abin da ƙungiya za ta iya yi bana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta sa wannan magana cikin taronta na gaba. Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, a rubuta gidan da ke da kare ko mussa, da ranar allura, da ranar maganin tsila. Kamfen ɗin allura na kowace shekara ya fi mayar da hankali ga shanu da ƙananan bisashe da raƙuma, to ku nemi ma'aikacin kiwo tun da wuri ya zo da allurar karnuka a rana guda, ku kuma tara su wuri ɗaya, kowane da igiyarsa. Allurar tana buƙatar sanyi, kuma kwalba guda takan ishi karnuka da yawa, don haka taruwa tana rage kuɗi. Ku sa maganin tsila cikin kayan shagon ƙungiya. Ku zauna da sarkin fawa a haƙa rami mai murfi a mayanka. Ku gayyaci ardo da rugga da garso, domin karnukan masu wucewa da namu ruwa ɗaya suke sha. Sannan ku koya wa yara abu biyu: kada su ɗauki dabbar da ba su sani ba sai sun kira babba, kuma in an cije su ko an yakushe su, su faɗa nan take, ba wanda zai doke su. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron bulala shi ne wanda muke rasawa.

Mai tambaya ya kawo ta wurin taron ƙungiya ko ya ba mataimakin likitan dabbobi na garinsu, za mu amsa a rubutu na gaba. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu, ya sa albarka cikin garke.